Faifan Sola Mai Kallon Kudu

Sunana Onkabetse, kuma aibina tun ina yaro shi ne ba na son a gyara mini magana. Shekara bakwai na yi a Jamus ina hawa rufin gidaje ina kafa faifan sola, na dawo garinmu Serowe, nan kudancin duniya, aibin nan ya ƙara ƙiba. Ban iya zama wuri ɗaya ba. Duk abin da na gani a gidanmu sai hannuna ya yi ƙaiƙayin kwance shi.

Abin da na fara sa wa ido shi ne tsohuwar tirelar mahaifina, irin mai ɗakin kwana, wadda muke ja da mota zuwa garkenmu na bayan garin Rakops duk lokacin sanyi. A cikinta na girma. Har yanzu ƙamshin kananzir da busasshen nama na nan a jikin labulenta, ga zanen da na yi da ƙusa a bayan ƙofa ina ɗan shekara shida.

Na tarar da mahaifina, Rre Gaolatlhe, ya rame. Ƙurar ramin ma'adinai ta cinye masa huhu, sai da na'urar numfashi yake samun sauƙi, ita kuwa wuta take ci. Burinsa ɗaya ne: ya je garke ya ga an ɗora wa maruƙan bana lambar mahaifinsa da ƙarfe mai zafi, ranar Asabar ɗin da dangi ke taruwa.

Na ce ya bar mini komai. Na cire tsohon batirin tirelar na sa sabo, na kafa faifai biyu a jingine bisa rufi. Sai na ga wata waya mai kauri, duk ta sha faci, ta fito daga injin mota zuwa tirela. Ƙanin mahaifiyata, Malome Ditiro, shi ya ɗaura ta shekara ashirin da suka wuce, don batir ya riƙa cika idan ana tafiya. Na sa filaya na datse ta.

"Bajamushe, me wayar nan ta yi maka?" in ji Malome.

"Ta tsufa, Malome. Rana kaɗai ta ishe mu."

"Ni ma na tsufa. Ka zo da filayar taka ka datse ni mana."

Mahaifina ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Bar shi, Ditiro. Yaro ya yi karatu."

Ranar Laraba muka isa garke. Komai na nan yadda na bar shi: rijiya, tulin toka a bakin murhu, shanu na shigowa cikin jan ƙura da yamma. Matar makiyayinmu ta kawo tuwon dawa da kindirmo. Mahaifina ya zauna a kujerarsa ta fata, robar na'ura a hancinsa, yana kiran shanu da sunayen iyayensu. Na daɗe ban gan shi haka ba.

Ni na ajiye tirela. Na juya ta har faifan suka kalli kudu, kamar yadda na yi sau dubu a Jamus. Hannuna ne ya yi, ban ko ɗaga kai na dubi sama ba.

Malome ya tsaya yana shafa gemu. "Ɗan 'yar'uwata, ka ba wa rana ƙeya."

"Kudu ake kallo, Malome. Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar wa? Dubi inuwar saniyar can. Mu nan lokacin sanyi rana ta arewa take bi. Ko can wata rana aka ba ku daban?"

Makiyaya suka kwashe da dariya. A lokacin na ga inuwar, na kuma gane yana da gaskiya. Minti goma ya isa a juya tirelar. Amma a gaban mutanen nan da suka san ni tun ina yawo ba wando? Na ce faifan zamani ba ruwansu da wannan, na shige ciki. Na ƙudurta zan juya ta idan ba kowa. Ranar Alhamis kuwa baƙi suka yi ta zuwa gaida mahaifina har faɗuwar rana, na ce sai gobe.

Da safiyar Juma'a muna shan shayi, na'urar ta yi ƙara sau uku ta yi shiru. Na juya tirela da sauri, faifan suka kalli arewa. Batirin bai motsa ba. Irinsa idan ya ƙare ƙarƙaf sai ya kulle kansa, sai an ba shi wuta mai ƙarfi kafin ya farka. Injin mota zai iya, amma wayar na can Serowe cikin shara.

Malome ya miƙe. Ya kwance tirela, muka kwantar da mahaifina a kujerar baya. Kafin mu tashi, mahaifina ya sa aka buɗe gilashi, ya daɗe yana kallon maruƙa a cikin shinge.

"Wancan mai farin goshi, a fara da shi gobe," ya ce wa makiyayi. Sannan ya dube ni. "Ja mota, Onka. Baɗi ma rana ce."

Awa uku muka yi a cikin rairayi kafin asibiti. Ya farfaɗo, ya koma gida, amma bai ga wani lokacin sanyin ba. Da shekara ta zagayo, ni na riƙe ƙarfen lamba, Malome na danne maruƙa, kujerar fata a gefe ba kowa a kai.

Darasin da ke cikin labarina shi ne, ilimin da ka koyo a wata ƙasa sai ka gwada shi da sararin ƙasarka kafin ka dogara da shi. Kada ka datse abin da manya suka ɗaura kafin ka tambayi dalilinsa. Kuma idan ka gane ka yi kuskure, gyara shi nan take, ko da ana yi maka dariya. Dariyar mutane takan wuce kafin yamma, amma abin da girman kai ya hana wani samu, wani lokaci ba ya dawowa.