Kwaɗon Tafki da Jikan Dagaci Jatau

An ce wata damina ɗan Dagaci Jatau ya kawo masa jikansa Nasiru daga wata ƙasa mai sanyi inda ba a san sauro ba. Tsohon yana son yaron kamar ransa, amma ya hana a ɗaura masa gidan sauro. Wai jini sai ya saba, shi ma haka ya tashi.

Da la'asar yana zaune bakin tafki, sai wani tsohon kwaɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, sauro abincina ne, na san halinsa. Ka taɓa jin labarin garin Jan Ruwa?"

Dagaci ya ce, "Yaya aka yi?"

Kwaɗo ya ce, "Gari ne irin jikin mutum. Ɓarawon da sauro ke kawowa kan shigo ya ɓuya cikin jajayen ɗakuna, ya hayayyafa, ya fasa su. Masu gadi ba su san fuskarsa ba, sai su hura wuta gari ya ɗau zafi, wannan ne zazzaɓi. In gari ya tsira, sun gane shi, gobe tun a ƙofa za su tare shi. Wata rana wani saurayin mai gadi ya ce a bar ƙofa buɗe a sabuwar unguwa, masu gadin can su ma su koya. Babbansu ya ce, 'Yaro, zauna ka ji labarin kazar nan.

"'Wata kaza ta saki 'ya'yanta a fili don su san shaho. Shaho ya yi ta ɗaukar su. Wanda ya rage ya zama zakara, yana ta alfahari shaho ne ya koya masa gudu. Uwar ta ce, ƙwarai ka koya, amma ka tambaya da wa aka yi karatun.'

"Saurayi ya ja ƙofa ya rufe. To, ranka ya daɗe, jininka ya san ɓarawon, ban musa ba. Amma ku nawa mahaifiyarka ta haifa?"

Tausayi ya kama Dagaci. Ya tuna ƙannensa Tanko da Delu, da yadda jikinsu ya yi zafi wata damina, da ƙananan kaburbura a bayan gari. Ya share ido da bakin rawani.

Ya ce, "Gaskiyarka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah."

Kafin magariba, shi da kansa ya ɗaura gidan sauron, yana bin gefe-gefe yana cusawa ƙarƙashin katifa.