Zafin da Ya Kashe Sha'ir ɗin Ƙauyenmu

Sau nawa babba ya yi ɓarna a gabanku, kuna kallo, kuka sunkuyar da kai don kawai ya girme ku?

Kakinuma Shozo ya shekara ashirin da biyu yana shugabancin ƙungiyar manoman ƙauyenmu a lardin Tochigi. Ya san ƙasa, ya san iri, babu mai musun wannan. Aibinsa shi ne ba ya jure a riga shi, kuma ba ya jure a gyara masa. Burinsa kowace shekara motarmu ta isa ƙofar kamfanin da ke sayen sha'ir kafin motar mutanen ƙetaren kogi.

Kamfanin tsirar da sha'ir yake yi don masu giya, saboda haka ƙwaya mai rai kaɗai yake saye, buhu mai kilo hamsin a kan yen, kuɗin ƙasarmu, dubu bakwai da ɗari biyar. Ƙwayar da ta mutu abincin shanu ce, ko dubu biyu ba ta kaiwa. A ido ba a bambanta su. Gidaje goma sha huɗu ne ke zuba girbinsu cikin injin busarwa guda, kuma idan ya gauraya babu mai iya ware nasa.

Cikin gidajen nan akwai na Inna Tome, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, wadda ke noma gonar marigayi mijinta ita kaɗai. Ɗanta ya faɗa mata tun sabuwar shekara cewa idan gonar ba ta riƙe ta bana ba, zai zo ya tafi da ita birni. Ita kuwa babu abin da take tsoro kamar barin gidanta.

A waccan shekarar damina ta yi sammako. Aka yanke sha'ir da danshinsa, gonaki kuma suna jiran dashen shinkafa. Busarwa a hankali, da zafin da bai wuce digiri arba'in ba, za ta ci kwana biyu. Da safe labari ya zo cewa mutanen ƙetare za su fara lodi washegari. Kakinuma ya taka zuwa gaban injin, ya murɗa zafin zuwa hamsin da biyar.

Ban da shi, mu goma sha ɗaya ne a rumfar, har da ni. Duk mun ga lambar. Inna Tome ce kaɗai ta matso, ta ɗebi ƙwayar a tafin hannunta.

"Shugaba, busarwa ake yi ko suya? Ko ruwan wankana bai kai wannan zafi ba."

Kakinuma ya yi dariya. "Inna Tome, hannun tsohuwa ya zama ma'aunin zafi ke nan? Sai mu sayar da na bangon mu rataye ki a wurin."

Maza suka yi 'yar dariyar da ake yi wa shugaba.

"Rataye ni, ba komai. Amma rage wutar tukuna. Mijina cewa yake yi sha'ir jariri ne, ba a yi masa gaggawa."

"Allah ya ji ƙansa, shi ya sa kullum shi ne na ƙarshe. Tun kina goyon ɗanki nake wannan aiki. Akwai mai wata magana?"

Babu wanda ya tanka. A wurinmu ba a musa wa shugaba a bainar jama'a. Sai a bari a same shi gefe, a kewaya masa magana da ladabi. Mataimakinsa ya yi niyyar haka bayan abincin rana. Kafin lokacin, awa biyar sun wuce.

Motarmu ce ta fara isa. Ma'aikaciyar kamfanin ta ɗebi ƙwaya ɗari, ta shimfiɗa a kan jiƙaƙƙiyar takarda, kamar yadda ake yi wa kowa. Bayan kwana uku ta kira mu. Kamfani yana son aƙalla casa'in da takwas su tsira. Sittin da ɗaya suka tsira.

"Ku yi haƙuri ƙwarai," in ji ta. "Wannan ba za mu iya karɓa ba."

Dillalin abincin dabbobi ya zo washegari. Ya tauna ƙwaya ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Kai, kyakkyawan kaya! Shanu za su yi biki. Dubu ɗaya da ɗari takwas."

"Haba, ɗan'uwa, dubi cikar ƙwayar!" in ji Kakinuma.

"Na gani, Shugaba. Amma saniya ba ta biyan kuɗin kyau. Kuna da wani mai saye ne?"

Ba mu da shi. Aka sayar.

A taron ƙungiya Kakinuma ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tabarma, ya ce daminar bana ta cuce mu. Aka karɓi uzurin cikin natsuwa, aka sha shayi. Kamfani kuwa ya miƙa kasonmu na baɗi ga mutanen ƙetare. Kakinuma, mai gona mafi girma, ya fi kowa asara, amma yana da wasu gonakin shinkafa da suka tallafe shi. Inna Tome ba ta da su. A watan Nuwamba, ranar da maƙwabta ke shuka sabon sha'ir, ɗanta ya zo da mota. Ta kulle ƙofa, ta zagaya gida-gida tana ba da haƙuri cewa ta dame mu shekaru da yawa. Ita ce ke ba mu haƙuri.

Darasin a fili yake. Girman kai da gaggawar mutum ɗaya sun mayar da wahalar gidaje goma sha huɗu abincin shanu, kuma mafi rauni ce ta biya mafi tsada. Amma hannu ɗaya ya murɗa injin, bakuna goma suka ba shi dama. Ladabin da ke rufe baki a lokacin ɓarna tsoro ne kawai. Don haka ina roƙonku: idan mai rauni ya faɗi gaskiya a taronku aka mayar da shi abin dariya, kada ku jira a tashi. Ku miƙe nan take, ku tsaya kusa da shi, ku maimaita abin da ya faɗa da ƙarfi.