Kaskon Tabawa da Delu

Dalilin da ya sa ciwo yake kumbura ya yi zafi kafin ya huce, ku zauna ku ji. Ke Lantana, cire hannunki daga kan ciwon nan.

A da can, cikin jikin mutum, kowane ɗan ɗaki na tsoka mata biyu ke tsaronsa, Tabawa da ƙanwarta Delu. 'Yan boko suna da sunan da suke kiransu, wannan ruwansu. Kasko ɗaya gare su, man kuwa daga bangon ɗakin suke kankaro shi. In ƙaya ta shiga, Tabawa ta soya man, hayaƙi ya tashi, jini ya kwararo da mayaƙansa, wurin ya yi jajir. In an kashe ƙwayoyin cuta, Delu ta karɓi kaskon ta dafa nata mai sanyi, kowa ya watse. A lokacin, kafin ka ce wash an gama.

To amma mutum bai taɓa gode wa Tabawa ba. Tana aiki yana tsaki. Delu na taɓa kasko sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na ji sauƙi."

Abin ya tsaya wa Tabawa a rai. Ran da wani manomi ya sare ƙafarsa da fartanya, ta soya, mayaƙa suka gama aikinsu, ta rungume kasko.

"Yaya, ba ni mana," in ji Delu.

"Dafa a tafin hannunki, 'yar gaban goshi. Ni da shan hayaƙi, ke da shan albarka?"

"Ƙafar za ta lalace fa."

"In ta lalace ya san da ni."

Abokin gaba ya ƙare, hayaƙi bai daina kira ba, sai mayaƙa suka hau rushe ɗakunan gidansu. Ƙafa ta zama kamar turmi, har aka fara maganar yanke ta.

Zuciya, tsohuwar gidan, ta aiko mata: "Tabawa, in aka yanke ƙafar nan, har da ke za a binne. Ke ce ta farko a kasko har abada. Amma ana gamawa ki miƙa."

Tabawa ta miƙa tana harara. Sai dai ta rantse ba ta ƙara miƙawa da wuri, sai mutum ya kwana ya tashi yana jin ta.

Shi ya sa har yau ciwo sai ya yi kwanaki yana zugi kafin ya lafa. A gwiwar tsofaffi irina kuwa, ta daina miƙawa sam. Lantana, ɗebo ruwa da sabulu a wanke ciwon, kada ki ba Tabawa dalilin zama.