Sunan da Ke Ƙarƙashin Fenti

Akwai wani dattijo a London mai suna Malam Ɗalha, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana aikin jarida a wani gidan rediyon Hausa. Abokan aikinsa sun san shi da taurin kai a kan abu ɗaya: ba ya karanta labari sai ya ji shi daga baki biyu. Ko ce masa ka yi ana ruwa a waje, sai ya leƙa taga.

Haifaffen Yawuri ne, mahaifinsa matuƙin jirgin fito. Abin da ke ci masa rai shi ne jikokinsa uku, haifaffun London, ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba, daga jirgin ƙarƙashin ƙasa sai bas. Da ya yi ritaya sai ya yi musu alkawari cewa ranar yawon babbar Sallah zai tuƙa su da hannunsa a kan Kogin Thames. Yara kuwa suka riƙe maganar gam.

Saura mako uku Sallah, bayan an idar da Juma'a a masallacin Regent's Park, Alhaji Jamaldeen ya ja shi gefe. Dillalin motoci ne, sun daɗe da sanin juna. Ya ce ya ji yana cigiyar jirgi, shi kuma yana da wani ƙarami mai inji da yake son sayarwa.

Washegari suka je inda ake ɗaure jirage. Jirgin ya sha sabon fenti shuɗi, an rubuta masa suna Nasara a gefe. Malam Ɗalha na taka shi ya ji kamar ya koma yaro. Gaskiya jirgin ya shiga ransa.

Amma hali ba ya ritaya. Ya nemi a nuna masa lambar rajista da takardar cinikin da aka sayi jirgin da ita tun farko.

Fuskar Alhaji ta canza. "Haba Malam Ɗalha. Shekara nawa muna sahu ɗaya? Ni za ka tambaya papers?"

Da ƙyar ya miƙo wani kwafi da aka yanke samansa, ya ƙara da cewa akwai wani Bature da zai zo saye Asabar mai zuwa, don haka kada a ɓata masa lokaci.

A gida ma bai samu goyon baya ba. Matarsa Hajiya Hindu ta ce magana ta riga ta zaga, ana cewa ya mai da mutumin kirki ɓarawo. Ta tuna masa cewa idan jirgin ya kuɓuce, shi zai kalli idon yaran nan, ba ita ba.

Ya ce, "Ban kira shi ɓarawo ba, Hajiya. Baki ɗaya na ji, saura ɗaya."

Litinin da safe ya buga wa hukumar da ke rajistar jirage waya, ya karanta musu lambar. Suka ce doka ta hana su faɗin sunan mai shi, amma lambar nan ba a san ta da sunan Nasara ba. Ya ɗauki hularsa ya koma bakin ruwa shi kaɗai. Ya tsuguna a gefen jirgin, gwiwa na ƙara, yana shafa fentin da tafin hannu. A ƙarƙashin sabon rubutu ya ji tudun tsofaffin haruffa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa: Talatu.

Wani tsohon makanike da ke aiki a wurin ya ba shi sauran labarin. Mutum biyu suka haɗu suka sayi jirgin, Alhaji da wani direban bas mutumin Filato mai suna Nathaniel, wanda ya sa masa sunan matarsa. Nathaniel ya rasu shekara biyu da suka wuce. Matar, in ji makaniken, tana aiki a wani shagon abinci a unguwar Deptford.

Shago huɗu Malam Ɗalha ya shiga kafin ya same ta tana jera doya. Da ya ambaci jirgin sai ta yi murmushin takaici, ta ce ai wannan ya nutse tun bayan rasuwar maigidanta, Alhaji da kansa ya zo ya faɗa mata.

Ya buɗe waya ya nuna mata hoton da ya ɗauka ɗazu. Ta daɗe tana kallo. Ta faɗaɗa hoton daidai ƙofar ɗakin jirgin, inda aka yi wasu 'yan zane-zane da wuƙa, ta ce nan ne Nathaniel yake auna tsawon 'yarsu duk shekara. Daga nan ta fara share hawaye. Shi ma dattijon sai da ya cire tabarau ya goge ido.

Da ta tashi daga aiki ta ɗauko masa ainihin takardar cinikin daga akwatin mamacin, da suna biyu a samanta.

Malam Ɗalha bai kai maganar masallaci ba, bai kuma yaɗa ta a waya ba. Gidan Alhaji ya je, ya ajiye masa takardun biyu, kwafin da ainihin, a kan tebur. Alhaji ya fara kame-kame, daga baya ya sunkuyar da kai. Ya ce shi kaɗai yake ta wahalar jirgin, ya ɗauka mace ba abin da za ta yi da shi, kuma ƙaryar da ya yi sau ɗaya ita ta hana shi komawa.

Malam Ɗalha ya ce, "Akwai marainiya a cikin maganar nan, Alhaji. Tashi mu je ka faɗa mata da bakinka. Ba zan bar gidan nan ba sai da kai."

Suka je. Alhaji ya nemi gafara. Talatu ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce rabin mijinta ba na sayarwa ba ne, ko yau ko gobe.

Malam Ɗalha ya ga alkawarinsa ya tashi. Ya miƙe yana tunanin abin da zai faɗa wa jikoki, sai ta tsayar da shi.

"Baba, in za ka sayi rabin Alhaji, na yarda mu haɗa. Wanda ya bi shago huɗu yana nemana ba zai cuce ni ba. Sharaɗina ɗaya ne, a mayar masa da sunansa."

A wannan makon aka sake takardu, aka gyara rajista. Malam Ɗalha ya kwashe kwana uku yana kankare shuɗin fenti da hannunsa.

Ranar yawon Sallah aka sa wa yara rigunan hana nutsewa, suna ta tsalle a bakin gaɓa. Hajiya Hindu da ta yi ta mita ita ta fara shiga, da kular waina a hannu. Ƙaramar jikar, Raihana, ta tsaya tana haɗa haruffan da ke jikin jirgin, ta ɗago kai ta ce, "Kaka, who is Talatu?"

Ya nuna matar da ke zaune a gaba tare da 'yarta.

"Ga ta can. Je ki gaishe ta da Hausa, jirginta za ki shiga."

Darasi: Neman takarda kafin ciniki ba zargi ba ne, kuma zama sahu ɗaya ba ya maye gurbin bincike. Kafin ka sayi jirgi, mota ko fili, duba lamba, nemi ainihin takarda, ka ji daga baki na biyu, domin wataƙila haƙƙin wani ne aka shafe da fenti. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jin kunyar tambaya.