Ranar da Kaka Ta Lashe Jikanta

Dalilin da ya sa baƙar goɗiya da baƙin ingarma kan haifi duƙushi mai roɗi-roɗin fari, yau za ku ji shi. Kai Tanko, bar tsokanar ƙanwarka ka matso!

A da can, duƙushi ba ya zuwa duniya da launi. Uwarsa ce ke lashe shi tun yana jiƙe, launinta ya kama jikinsa. In rana ta busar da shi ba a lashe shi ba, shi ke nan, garke ba zai karɓe shi ba, sai a kora shi daji kuraye su samu kalaci.

To akwai wata baƙar goɗiya, Ladingo, mai kunyar tsiya. Ta haihu da hantsi, ɗan fari kuwa, ga dangin miji sun kewaye ta suna barka. Ina ita ina lasar ɗan fari a gaban surukai? Ta kau da kai tana cizgar ciyawa, alhali tsoro ya cika mata ciki.

Uwar mijinta, Gwamma, wadda furfura ta mai da ita fara fat, ta ce, “Ke Ladingo, rana na yi! Lashe ɗanki mana.”

Ladingo ta sunkuyar da kai ta ce, “Wane ɗa, Inna?”

“Wane ɗa! Yau ga ikon Allah.”

Tsohuwa ta dogara ta isa wurin jikanta. “Zo nan angona, mummuna kawai.” Ta lashi goshi, ta lashi ƙafafu, ta lashi gadon baya, sai harshe ya bushe mata, ta tsaya tana haki.

Ladingo ta saci kallo, ta ga wuyan ɗanta ya fara bushewa. Ai kunya sai ta ranta a na kare! Ta bangaje surukarta ta hau lasa har sai da ta gama sauran jikin. Duƙushi ya miƙe, nan baƙi, can fari.

Dawaki suka soma gunaguni, wai wannan namu ne kuwa?

Gwamma ta ce, “Mai korarsa ya fara da ni. Kuma lasata ta shiga jini. In ta ɓuya a jikin ɗa, za ta fito a jikin jika.”

Shi ya sa har yau launi kan tsallake ɗa ya faɗa kan jika. Kuma goɗiya na haihuwa take hau lasar ɗanta, ko surukai dubu ne a tsaye.