Ranar da Tururuwa Suka Ƙaura Gidan Malam Barau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso. Ta zo mu ji ta!

A wani gari an yi wani masinja, Malam Barau. Shekara talatin da biyar yana yawon kai takardu a ƙafa. Da ya yi ritaya sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce ƙafafunsa ma sun yi ritaya. Shayi kuwa, sukari cokali biyar, sai tumbi ya fito.

Matarsa Kande ta je asibiti ta ji bayani. Ta ce, “Malam, an ce ka rage zaƙi, kada ciwon sukari ya kama ka.”

Ya ce, “Ƙaro cokali ɗaya.”

Ta dafa masa zogale da wake. Ya ce shi ba akuya ba ne.

Ta ce to ya riƙa ɗan tattaki da safe. Ya ce, “Tafiyar da na yi a baya ta ishe ni har kabari.” Kai, jama'a! Sai ka ce tafiya hatsi ce da ake tarawa a rumbu. Kande ta ƙule, har kuka ta yi don takaici.

Ran nan tana shara sai ga tururuwa a jere da kayansu, sun nufi bayan gida. Ta ce, “Ina zuwa?”

Babbarsu ta ce, “Ƙaura muka yi daga gidan Malam Tanko. A da fitsarinsa kamar zuma, amma tun da ciwon ya ci masa ƙafa aka yanke, ya bar sukari. Mun ji mijinki ya kusa nuna, muka zo kama wuri.”

Kande ta ce, “Zo ki maimaita masa, ni bakina ya gaji.”

Tururuwa ta maimaita. Malam Barau ya dubi ƙafafunsa, ya daɗe yana dubansu. Sai ya ce, “Kande, ina takalmana?”

Ya je aka auna jininsa, aka ce saura ƙiris ciwon ya kama shi. Kullum da safe sai ya zaga gari, ya dawo ya ci zogalen da ya raina. Tururuwa suka yi wata uku suna jira, ba labari. Babbarsu ta yi tsaki, suka kwashe kayansu.

To, wanda ya ajiye aiki kada ya ajiye ƙafa. Tururuwan nan har yau suna neman masauki. Kai mai kofi a hannu, ɗazu na ga sun tsaya a ƙofar gidanka.

Kurunkus, ta ƙare nan.