Mutumin da Ya Kewaye Bishiyarsa Ya Saki Awakinsa

Akwai wani mutum da ya baro ƙauye ya gina gida a birni, a ƙarshen wani dogon layi. Ya zo da matarsa, da mahaifiyarsa mai dogara sanda, da awaki bakwai. Layin nan kuwa fayau yake, ko inuwar da kaza za ta fake babu. Masu babura sun cinye hanya har jikin katanga, mai tafiya a ƙasa sai ya raɓe kamar mara gaskiya.

Wata rana mutanen layin suka taru suka ce sun gaji. Suka yi shawara kowane gida ya dasa dogonyaro ɗaya a ƙofarsa, taku uku daga katanga, a jere, domin bishiyoyin su tare babura, masu ƙafa kuma su sami hanya mai inuwa daga wannan kai zuwa wancan.

Mutumin nan manomi ne ɗan manomi, ba sai an koya masa dashe ba. Ya haƙa rami mai zurfi, ya zuba taki, ya kewaye dashensa da bulo har ƙirji, yana ba shi ruwa safe da yamma.

Sai dai a ƙauyensu ana ɗaure awaki da damina ne kawai, da an kwashe amfanin gona sai a sake su su nemi na bakinsu. Haka ya taso ya gani, haka ya ci gaba. Kowace safiya ya buɗe ƙofa, awaki bakwai su bazu a layi. Akuyar rani kuwa, kun san halinta, ɗacin dogonyaro ba ya hana ta komai.

A tsakiyar layin akwai wata gwauruwa wadda ba ta da bulo, sai ta kifa wa dashenta tsohon kwando. Sau uku tana dasawa, sau uku awakin suna ture kwandon su cinye. Ta je wurin mai awakin ta durƙusa ta ce, “Maigida, don Allah ka ɗaure awakin nan.”

Ya yi dariya ya ce, “Haba baiwar Allah, yaushe aka taɓa ɗaure akuya da rani? Kowa ya kewaye nasa yadda na kewaye nawa. Iya ruwa fidda kai.”

Maƙwabta suka karaya ɗaya bayan ɗaya, suka daina dashe. Bayan shekara uku bishiya ɗaya tak ta tsaya a layin, tasa. Yakan shimfiɗa tabarma a gindinta yana cewa mutanen birni ba su iya komai ba.

Ran wata Lahadi da bazara, rana tana tsaka, mahaifiyarsa tana dawowa daga sujada. Majami'ar kuwa a ɗaya bakin layin take. Ta kai tsakiya, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi. Gwauruwar nan ce ta ja ta zuwa zaurenta, ta yayyafa mata ruwa, ta aika a kira ɗan tsohuwar. Ya zo a guje, ko takalmi babu, tsoro ya cika shi.

Da tsohuwa ta farfaɗo ta ce, “Ɗana, tun daga bakin layi nake hangen bishiyarka. Na ce in na kai can na tsira. Ƙafa ce ta ƙi.”

Mutumin ya juya ya ga fasasshen kwando a ƙofar zauren, da busasshen kututture kamar yatsa. Kunya ta kama shi har ya kasa ɗaga ido.

A ranar ya kafa turke bakwai a bayan gida, ya ɗaure awakinsa. Washegari ya rushe bulon da ke kewaye da bishiyarsa, ya ɗauko shi a ka ya jera a ƙofar gwauruwar, ya dasa mata sabo. Da maƙwabta suka ga awaki a turke, kowa ya koma ga raminsa ya sake dashe. Kafin shekara huɗu rassa suka haɗu, tsohuwa tana tafiya sujada cikin inuwa, tana hutawa inda ta ga dama.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: layin nan zaman tarenmu ne. Bishiyar mutumin kirkinsa ne na cikin gida, kuma kirki ne na gaske, ban ce ba. Awakin su ne halayen da muka saba da su har muka daina ganin ɓarnarsu: tsegumi, zafin baki, ruwan wanki da muke kwarara wa hanya, duk abin da muke saki da safe mu ce ai haka muka taso. Ubangiji ya umarce mu mu ƙaunaci maƙwabcinmu kamar kanmu, kuma ƙaunar nan takan fara da turke. Ka iya gyara ƙofarka ta fi ta kowa, amma 'ya'yanka da tsofaffinka ta ƙofar wasu za su bi kafin su iso gida. Saboda haka in an tashi yau, kada ka tsaya yabon bishiyarka. Je ka tambayi maƙwabcinka abin da awakinka suka ci masa.